Akwatin matse bushin da na saya a intanet: kofunan sun yi, sandar banza ce

Motata Corolla ce ƙirar 2006. Tun tsakiyar damina take wani gum-gum daga gaba duk sanda na faɗa rami ko na taka birki da ƙarfi, sitiyari yana yawo, tayar dama kuma tana cin gefen ciki. Da na ɗaga motar na sa ƙarfe na banƙara lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ya haɗa ƙafar gaba da jikin mota, sai ga robar babban bushin na baya (bushin shi ne robar da ke cikin zoben ƙarfe a inda kusa take riƙe lowa am) ta tsage, ta rabu da zoben ƙarfenta. Bakanikenmu ya ce in sayi lowa am sukutum, sabo ko ɗan Beljiyam. Kun dai san kuɗinsa yanzu. Ƙarfen nawa lafiyarsa ƙalau, bol join, wato gaɓar da ta haɗa shi da ƙafar, ma ba ya wasa, shi ya sa na sayi bushin kawai, na haɗa da akwatin nan da ake ta tallatawa, mai doguwar sanda mai tiredi (tsagin da noti yake hawa) da kofunan ƙarfe manya da ƙanana.

Na tokare motar da kyau a ƙofar gida, don ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Noti biyu da kusa ɗaya a wajen bol join, sai manyan kusoshi biyun da suka riƙe shi a jikin firam, lowa am ya fito. Ƙaramin bushin na gaba kuwa, ina juya sifana yana sulalowa a hankali har ya faɗo cikin kofin. Wallahi na ji daɗi. Nan take na kira ƙanena na ce masa kuɗina sun fita.

Babban ne ya tona asirin kayan. Tsatsa ta kama zobensa, na zuba masa man kwance tsatsa, na shafa wa sandar giris, na fara matsewa. Ya motsa kaɗan, ya tsaya. Na ƙara juyi, sai na ji sifana ta yi sakwaf a hannuna. Da na zare notin, tiredin sandar ya biyo shi, siraran zobba masu ƙyalli suka zube mini a tafin hannu. Sandar da aka yi don wannan aikin, a ranarta ta farko! Ga bushin ya maƙale rabi ciki rabi waje, ga mota a tokare ba taya, ga la'asar ta yi.

Na kira wanda ya sayar mini. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Ai Alhaji ka matse da yawa ne." To abin matsewa, in ba a matse shi ba me za a yi da shi? Na ce ya aiko mini da sanda kawai, ya ce ba sa sayar da ita daban, sai dai in sake sayen akwati. Wannan maganar ta fi lalacewar sandar ɓata mini rai.

Da zarton ƙarfe na ƙarasa. Na huda robar da dirila na fitar da tsakiyar, na zura bakin zarto ta ramin, na yanka zoben daga ciki a wuri biyu, ina yi ina leƙawa kada in taɓa jikin lowa am ɗin. Daga nan kurfi da guduma suka naɗe shi ya fita. Wasu wuta suke sa wa robar, amma hayaƙin nan a cikin unguwa ba zai yiwu ba.

Gaskiya dai kofunan masu kauri ne, ba su lanƙwashe ba. Washegari na samo sanda mai ƙarfi wajen masu sayar da noti, na kwanar da sababbin bushin a firiza don ƙarfen ya ɗan tsuke, suka shiga miƙe ba gardama. Kafin in cire tsohon na yi alama da alli inda ramukan robar suke fuskanta, na daidaita sabon a kai. Kusoshin kuma ban ɗaure su tamau ba sai da na sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, domin in aka ɗaure a sama robar tana zama a murɗe, ba ta daɗewa take tsagewa. Bayan alaimen, wato saita tayoyin, ƙarar ta ɗauke, sitiyari ya tsaya cak.

Amma duk wannan ba daga akwatin na koya ba, ko takardar bayani guda babu a ciki. Kuma a duk kofunan babu wanda ya zauna daidai a bakin babban bushin, sai da na riƙa gyara zamansa ina matsewa. Maƙullin akwatin ma na roba ne, ya karye tun a hanya. In kana da gareji mai injin matsewa kusa da kai, kwance lowa am ɗinka a gida ka kai musu su cire su saka, ya fi maka sauƙi da arha. In kuma sai ka saya, ka tanadi sandarka tun kafin ka ɗaga motar.