Galaxy Tab A9+ a kasuwar Adum: jikin ya isa, manhaja ce ke riƙe mata ƙafa

Duk wanda ya shiga layin masu waya na PZ a Adum, cikin birnin Kumasi na Gana, ya ce tabilet yake nema, abu uku za a jero masa: inci nawa ce fuskarta, RAM (ƙwaƙwalwar aikin na'ura) nawa, batir nawa. Da wuya a gaya masa shekarar da kamfani zai daina aiko mata da sabuntawa, ko tana iya buga *170#, lambar tura kuɗi ta waya, ko manhajar bankinsa za ta buɗe a kanta daidai. Alhali da yawa daga cikin tabilet ɗin da aka jefa cikin durowa a gidajen Aboabo da Asawase lafiyarsu ƙalau. Gilashi bai fashe ba, batir na riƙe caji. Manhaja ce ta tsufa ko ta kulle, na'urar ta zama allon da ba ya karɓar rubutu.

Samsung Galaxy Tab A9+ ta fito a ƙarshen 2023, kuma ita ce ma'auni mai kyau na wannan magana domin kayan cikinta matsakaita ne, ba na alfarma ba, ba kuma na banza ba. Fuskarta inci 11 ce, 1920 da 1200, tana sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, shi ya sa jan shafi da yatsa ke tafiya sumul. Injinta Snapdragon 695 ne, batir 7,040 mAh, lasifika huɗu, akwai ramin abin sauraro na kunne da wurin saka katin mimori. Iri biyu ta fito: mai RAM 4 da ma'aji 64, da mai RAM 8 da ma'aji 128. Akwai mai Wi-Fi kaɗai, lambarta SM-X210, da mai ɗaukar layi, SM-X216. Raunin jikinta a fili yake. Caji ba ya wuce wat 15, don haka cika ta daga ƙasa kan ci awa uku ko fiye, abin da ke da ciwo ranar da wutar ECG, kamfanin lantarki, ta yi wasan ɓuya. Ba ta aiki da alƙalamin S Pen, ba ta da wurin buɗe ta da zanen yatsa, ba ta fitar da hoto zuwa talabijin ta kebul.

Duk da haka, ga karatu da kallo da lissafin shago, wannan jiki ya wadatar. A nan ne gizo ke saƙa.

Ɓangaren manhajar da Samsung ta yi da hannunta ya yi kyau. Ana raba fuska gida uku, akwai layin manhajoji a ƙasa, akwai kuma DeX, wanda ke mayar da tabilet ɗin kamar kwamfuta mai tagogi idan an haɗa kibod da linzami. Ɗalibin ilimi zai iya buɗe littafin fiƙihu na PDF a dama, ƙamus a hagu, wurin rubutu a ƙasa. Ana kuma iya buɗe wa kowane ɗan gida nasa asusu, yara su sami nasu fagen ba tare da sun shiga saƙonnin uba ba. Ta fito da Android 13, ta kuma samu 14 da 15.

Matsalar tana fara bayyana ne da zarar an bar manhajojin kamfanin an shiga na wasu. Kwantar da tabilet ɗin a kan murfinta mai kibod, ka buɗe irin manhajar banki ko ta sayen data da aka ƙera don waya kawai. Ɗaya cikin biyu ne: ko ta juye a tsaye alhali na'urar na kwance, sai ka karkata wuya kana karanta lambar asusu a gicciye, ko ta tsaya siririya a tsakiya da baƙin fili dama da hagu. Wasu kuma su miƙe su cika fuskar, maɓalli ɗaya ya yi faɗin tafin hannu, layi biyar na rubutu su cinye inci 11. Injin ba shi da laifi a nan. Mai ƙera manhajar ne bai taɓa gwada ta a babbar fuska ba, domin kusan duk masu amfani da ita waya suke riƙe da ita.

Google ta san da ciwon tun da daɗewa. A 2011 ta fitar da Android 3 musamman don tabilet, daga baya ta saki maganar shekaru masu yawa, sai a 2022 ta dawo da Android 12L. A Android 16 ne ta fara hana sababbin manhajoji kulle kansu a tsaye a kan manyan fuskoki. Gyara ne mai kyau, amma ba ya kaiwa ga tabilet ɗin da sabuntawarta ta tsaya a 11 ko 12.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne Word da Excel. Ƙa'idar Microsoft ta daɗe: na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba tana gyara takarda kyauta, wadda ta wuce sai da kuɗin wata. Ma'ana ƙanwarta, Tab A9 mai inci 8.7, tana rubutu a Word ba ko kwabo, ita kuwa babbar, wadda ta fi dacewa da rubutun, karatu kawai za a bar ta ta yi. Excel ɗin tabilet kuma ba ya tafiyar da makro, wato umarnin da ake tsarawa cikin fayil ya yi aiki da kansa, don haka fayil ɗin lissafin kaya da wani akanta ya tsara a kwamfuta zai buɗe amma maɓallansa ba za su motsa ba. Google Docs da Sheets suna toshe rabin ramin, kyauta, kuma suna aiki ba intanet idan an riga an ajiye fayil ɗin a na'urar.

Mai rubuta Hausa yana da nasa ƙaramin cikas. Gboard na da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, amma da zarar an haɗa kibod na hannu sai na fuska ya ɓuya, kuma kibod ɗin da ake sayarwa a kasuwa ba su da waɗannan haruffa. Maganin shi ne a shiga saitin kibod na hannu a kunna zaɓin da ke barin na fuska ya ci gaba da fitowa. Yana cin wuri, amma ya fi a rubuta kasa inda ake nufin ƙasa.

Sai maganar layi, wadda a Gana ita ce uwa uba. Ciniki a kasuwar Kejetia da MoMo, wato kuɗin waya, yake tafiya, MoMo kuwa kan *170# ya dogara, kuma buƙatar amincewa da biyan kuɗi kan layin take faɗowa. Tabilet ɗin Samsung mai layi da aka yi wa kasuwar Afirka ko Gabas ta Tsakiya yawanci tana da manhajar kira, tana buga lambar kamar waya. Irinta da aka yi wa kamfanonin sadarwa na Amurka kuwa, waɗanda ke shigowa cikin kayan hom-yus, wato na hannu daga ƙasashen waje, sau da yawa an cire musu manhajar kiran. Ramin layi na nan, data na aiki, amma babu inda za a danna tauraro. Jiki kusan ɗaya ne, bambancin manhaja ce kawai, kuma ita ke raba na'urar da za ta zauna a kan teburin ɗan kasuwa da wadda za ta koma hannun yara.

Kowace iPad haka take, ko da mai ɗaukar layi ce: ba ta kira ta layin, ba ta buga *170#. Kuma iPad ce babbar hujjar masu cewa manhaja ke ja da baya. A 2021 Apple ta saka wa iPad Pro injin M1, shi ne dai wanda ke cikin MacBook Air, amma na'urar ta ci gaba da zama cikin iyakokin da aka shata mata. IPad ta farko ta fito a 2010, ba ta samu kalkuleta ta Apple ba sai a 2024. WhatsApp bai yi mata manhaja ba sai a watan Mayun 2025, Instagram kuma a Satumban shekarar. Tagogi na gaske, waɗanda ake ja ana ƙara musu girma yadda aka so, sai a iPadOS 26 suka game har ƙananan iPad. Har yau gida ɗaya ba sa iya raba iPad ɗaya kowa da asusunsa, sai dai makaranta ko kamfani.

Amma a faɗi gaskiya, manhajojin da aka ƙera wa iPad sun fi na Android tsari a babbar fuska, nesa ba kusa ba. Siffar fuskarta ma, huɗu bisa uku, ta fi dacewa da shafin littafi: shafin Mus'hafi ko na littafin Larabci da aka ɗauka a hoto yana cika ta ba tare da an matse shi ba, a A9+ kuwa, mai goma sha shida bisa goma, sai ya bar fili sama da ƙasa. IPad ta tara, ta 2021, mai injin A13 da inci 10.2, RAM 3 kawai gare ta amma tana tafiya ba gargada, tana karɓar Apple Pencil na farko, tana kuma samun iPadOS 26. Gilashinta a rabe yake da fuskar ciki, saboda haka in ya tsage shi kaɗai ake canzawa.

Haɗarin hom-yus ɗin iPad shi ne ba a gane shekarunta da ido. IPad Air ta farko da mini 2 da mini 3 sun tsaya a iOS 12. Air 2 da mini 4 a 15, iPad ta biyar a 16, ta shida a 17, ta bakwai a 18. Wanda ya saya wa ɗansa Air ta farko saboda jikinta na sheƙi zai tarar App Store na ƙin ba shi manhajoji da yawa, WhatsApp ma sai daga 15.1 zuwa sama. Bayan wannan akwai makullai biyu. Na farko na iCloud: in mai ita na asali bai fita daga asusunsa ba, ranar da aka goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, kuma abin da ake kira baifas ba buɗewa ba ne, lallaɓawa ce da kan warware in an sake gogewa ko an sabunta. Na biyu na makarantu da kamfanonin waje ne, wanda ke fitowa da rubutun Remote Management. Android ma na da irin na farkon: in an goge na'ura ba a cire asusun Google ba, sai ta nemi tsohon asusun.

Tabilet ɗin Amazon Fire na jan ido da arha. Ba ta da Play Store, kuma masu sauƙin kuɗin suna zuwa da talla a fuskar kulle. Ana iya cusa mata Google da fayil huɗu, a jere ba tsallake: Account Manager, Services Framework, Play Services, sannan Play Store, kowanne wanda ya dace da irin Fire OS ɗinta. In an saɓa jerin ko an ɗauko wanda bai dace ba, shagon zai buɗe ya rufe kansa. Huawei kuma, tun takunkumin Amurka na 2019, sababbin na'urorinta ba sa zuwa da manhajojin Google, duk da cewa jikin MatePad ya fi na takwarorinta da yawa kyau. Ga ɗalibin jami'ar KNUST da aikinsa ke kan Google Classroom da Meet, wannan wahala ce ta kullum.

Akwai dai inda jiki ne ke fara gazawa, kuma bai kamata a ɗora wa manhaja ba. Tabilet marar suna mai RAM 2 da ma'aji 32 ba ta da magani: babbar manhaja ta riga ta cinye kaso mai tsoka, bidiyon zaurukan WhatsApp su cinye saura, ma'ajin kuma irin mai jinkiri ne da ke ƙara nauyi in ya kusa cika. Rubutun 4+4 a kan kwali ba RAM 8 ba ne, huɗu ne na gaske, huɗu aro ne daga ma'aji. Ko A9+ mai RAM 4 takan rufe manhajar baya in an buɗe uku a DeX, shi ya sa mai 8 ce ta cancanci kuɗinta. Wasu marasa sunan ma ƙarya suke yi a shafin bayanin na'ura. A duba lambar API, wato lambar da ke nuna ainihin zubin Android, da manhaja irin Device Info HW: Android 13 lambarsa 33, 14 kuma 34. In an rubuta 13 amma lambar ta nuna 27, Android 8.1 ne aka sauya wa riga. A duba kuma Widevine, tsarin kare finafinai daga sata, da manhajar DRM Info, domin mai matakin L3 ba za ta nuna Netflix da kaifi ba komai kyan fuskarta.

Yawan ƙorafin ba ta caji lokacin hunturu ƙura ce. A haska ramin da tocila, za a ga wani dunƙule mai ruwan toka ya danne a ƙasa kamar auduga, ya hana kan kebul shiga har ƙarshe. A kashe na'urar, a zaƙulo shi a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura, domin ƙarfe na lanƙwasa harshen tsakiya ya mayar da aikin minti biyu aikin walda.

Ga mai shago da ke son na'ura ɗaya ta riƙe lissafi da WhatsApp da MoMo, A9+ mai layi da RAM 8 ce zaɓi. Ga ɗalibi ko malamin makaranta da littafi da alƙalami suka fi damunsa, iPad ta tara zuwa sama ta fi, muddin wayarsa na aljihu. WhatsApp a kan kowaccensu a matsayin na'urar da aka haɗa da asusun wayarka ya fi sauƙi, sai dai in babbar wayar ta yi kwana 14 ba a taɓa ta ba zai fitar da tabilet ɗin.

Kafin kuɗi su bar hannu, a sa mai shago ya goge na'urar gaba ɗaya a gabanka, ya haɗa ta da intanet, a bi matakan farko har fuskar gida ta fito ba tare da ta nemi asusun kowa ba. A saka layinka, a buga *170#. A shiga Play Store, Settings, About, a ga an rubuta cewa na'urar tana da shaidar Play Protect. Sannan a sauke manhajar bankinka nan take, a kwantar da tabilet ɗin a kan teburin shagon, a ga yadda za ta buɗe.