Ƙaramin tafki a lambun gida: baho, tamfol ko siminti?

Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da kududdufai suka ƙafe, duk gidan da ke da ɗan ruwa a buɗe zai ga baƙi: kurciya, ƙudan zuma, mazari, da daddare kuma kwaɗi. Idan kana son ka yi musu wuri a lambunka, abin da za ka fara dubawa shi ne bakin tafkin. Dole ya zama mai gangare, yadda tsuntsu zai tsaya ya sha, ƙadangaren da ya faɗa kuma ya iya fitowa.

Mafi arha shi ne babban baho ko rabin duro na roba, a binne shi daidai da ƙasa. Ya dace da ɗan haya. Matsalarsa gefensa a tsaye yake kuma da santsi, sai ka jera duwatsu a ciki kamar matakala. Ruwansa kuma yana saurin ɗaukar zafi, don haka ka sa shi inda inuwa ke sauka da rana tsaka.

Ni dai tamfol na fi ba mutane shawara, irin mai kaurin da masu kiwon kifi ke saye. Kai za ka tsara ramin: tsakiya ya kai kamar santimita 60, gefe ya riƙa tashi a hankali. Kafin ka shimfiɗa, ka tsince tsakuwa da saiwoyi, ka zuba yashi mai laushi. A wurin saye ka ɗaga shi sama ka duba ko haske na ratsawa, ka kuma ja wurin haɗin da hannu, domin nan yake fara yoyo. Rana ce babbar abokiyar gabarsa. Duk inda ya fito fili ka rufe da ƙasa ko dutse.

Siminti ya fi daɗewa, amma ya fi cin kuɗi, kuma idan magini bai iya ba zai tsage. Sabon siminti yana ɓata ruwa, sai an jiƙa an zubar sau da yawa kafin a sa wani abu mai rai.

Maganar sauro ba ta wasa ba ce, domin a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai. 'Yan ƙananan karfasa suna cin tsutsarsa, ƙaramin famfo mai sola kuma yana motsa ruwan. Kada ka sa tarwaɗa, za ta cinye komai.

A shuke-shuke bado ya wadatar. Kainuwa tana rufe ruwa da sauri, sai kana kwashewa. Kachala kuwa, doguwar ciyawar nan mai fitowa a cikin ruwa, kada ta shigo maka gida. Manoman Haɗeja da Nguru sun san yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Idan akwai yara masu rarrafe ko tatata a gidan, ka sa kuɗin shinge ko ragar ƙarfe cikin lissafi tun kafin a fara haƙa.