Gasar karnuka ta Crufts a YouTube: dare huɗu da muka kalla da Kawu a Birni

Gyaran salula nake yi a bakin Kasuwar Dole ta Damagaram, amma gidan mafarauta na tashi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru yana bin zomo da barewa a dazukan wajen Tanut, har gwiwa ta zaunar da shi. Yanzu karya ɗaya ta rage masa, ja mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, wadda ya samo wajen wani Buzu abokinsa tun tana 'yar kwikwiya. Saboda shi na nemi tashar Crufts a YouTube cikin azumin 2025, muka riƙa kallo a zaurensa bayan sallar asham, daga 6 zuwa 9 ga watan Maris. Na rubuta wannan ne don masu kiwon karen farauta ko na gadi da ke tambayata ko abin ya cancanci megansu. Ya cancanta, amma akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya zauna.

Crufts gasa ce da ake yi kowace shekara a Birmingham ta Ingila, kwana huɗu a jere. Wani mai tallan biskit ɗin karnuka, Charles Cruft, ya fara ta a 1891, yanzu kuma ƙungiyar Kennel Club da aka kafa a 1873 ke riƙe da ita. Karnuka dubbai ake kawowa daga ƙasashe da yawa, jinsi sama da 200, an raba su rukuni bakwai. Kallon kyauta ne, mega kawai za ka saya. Hoton yana da kyau ƙwarai, kamara na matsowa har ka ga yatsun alƙali cikin gashin kare. Agogonmu na gaba da nasu da awa ɗaya a wannan watan, don haka hukuncin rukuni, wanda da yamma ake yinsa can, yakan faɗo mana da dare daidai lokacin shayi. Abin da ya wuce kuma yana nan a tashar, ka koma masa in ka ga dama. Na kashe kusan jika uku a dare huɗun, bayan na rage kaifin hoton zuwa 480. A nan rezo ya fi riƙewa, kuma ba ka rasa komai na motsin kare ba. Daren farko kuran ya ɗauke mana, muka ƙarasa da batirin babur.

Da Ingilishi ake bayani. Ni lakkal ta Faransanci na yi, Kawu kuwa allo kaɗai, don haka na kunna fassarar da ke fita a ƙasan hoto ina tsinto masa abin da na iya. Ba mu daɗe ba muka gane cewa ba bakin mai sharhi ake kallo ba, hannun alƙali ake kallo.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai kare yakan tsayar da shi a kan koren kafet, ya daidaita ƙafafun gaba su miƙe, ya ja na baya kaɗan, ya ɗaga kan. Ƙananan karnuka a kan tebur ake ɗora su. Alƙali ya fara tsayawa nesa ya dubi fasalin gaba ɗaya, sannan ya zo ta gaba, ba ta baya ba, don kada karen ya firgita. A buɗe leɓe ya ga yadda haƙoran sama suka hau na ƙasa. Ya shafa kai, ya bi wuya zuwa kafaɗa, ya sa tafin hannu tsakanin ƙafafun gaba ya ji faɗin ƙirji, ya bi gadon baya har gindin wutsiya, ya matsa cinya. In namiji ne sai ya tabbatar marainan biyu duk sun sauko. Daga nan mai kare ya ruga da shi ya je ya dawo, alƙali na duba ko ƙafafun na tafiya a layi ko suna harɗewa, sannan ya zagaya fili a ga tafiyarsa ta gefe. Duka bai wuce minti biyu ba.

Da aka buɗe bakin kare na uku, Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, ai wannan cinikin rago ne." Haka ne kuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi gab da layya ya ga dillali ya buɗe bakin balami, ya danna gadon baya, ya sa a kora shi ya ga takunsa. Bambancin shi ne a can kowane jinsi yana da takardarsa da aka rubuta siffar da ake so ya kasance: tsayi, launi, zaman kunne, lanƙwasar wutsiya. Da wannan takarda alƙali ke gwada kowane kare, ba da karen da ke gefensa ba. Shi ya sa ɗan mitsitsin da ake ɗauka a hannu zai iya kayar da ƙato mai kai kamar na maraƙi, in ya fi shi kusa da siffar jinsinsa. Sai da na gane wannan kallon ya fara yi min daɗi. Kafin nan gani nake ana haɗa doki da akuya a tsere.

Rukunin karnukan farauta ya fi riƙe mu. A nan ne ake ganin Saluki na ƙasashen Larabawa, da na Afganistan mai gashi har ƙasa, da Basenji na dazukan Kwango wanda ba ya haushi irin na sauran karnuka. Kawu bai damu da gashi ba. Ƙirji yake kallo, ko ya sauka kusa da gwiwar hannu, da ciki ko ya ɗame, da tafin ƙafa ko a dunƙule yake. Ya ce kare mai shimfiɗaɗɗen tafi ba ya wuni a cikin ƙarangiya.

Abin da mai kallo zai sani shi ne, kamara a babban fili take zama, inda zakaran kowane jinsi kaɗai ke shigowa. Tankaɗe da rairaya na farko, inda ake jera karnuka iri ɗaya a fitar da gwani, a ƙananan filaye ake yinsa da rana, kuma nan ne ilimin ya fi yawa ga mai kiwo. Don ganin irin karenmu na Azawak a jere sai da na nemi bidiyon da masu karnukan suka ɗauka da kansu a gasanni daban-daban na Turai.

A nan ne abin ya taɓa ni. Karen da yaran unguwa ke jifa da dutse in ya biyo ayarin Buzaye, sunansa na rubuce a littafin babbar ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911, mai mazauni a Thuin ta Beljiyam. Lambar takardarsa 307. Sunan kwarin Azawak na tsakanin Nijar da Mali aka ba shi, sunan da muka sani a jikin jajayen shanun nan masu nono. Tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, Amurka kuma ta karɓe shi cikakken karɓa a 2019. Takardar ta ce namiji santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, mace 60 zuwa 70, nauyin namiji kilo 20 zuwa 25. Tsayinsa ya ɗan fi tsawon jikinsa, kuma fatar siririya ce har ƙashi da tsoka su nuna. Ramar nan da muke cewa yunwa ce, a can halittarsa ce da ake nema. Faransa ce ke riƙe da takardar, ba mu ba. Malamanmu sun halatta karen farauta da na gadi da na kiwo, kakanninmu sun riƙe shi a kan haka, amma ban taɓa ganin ɗan Damagaram ya rubuta ko layi ɗaya kan yadda ake gane nagarinsa ba, alhali irin su Kawu sun san shi a ka.

Ba duk abin da na gani ya kwanta min ba. Karnukan nan masu lotsattsen hanci, irin Pug da Bulldog, na tausaya musu, domin mutane ne suka bi su da zaɓe har hancin ya shige fuska, numfashi ya zama aiki. Masu gasar sun san da matsalar. Tun 2012 likitan dabbobi ke duba zakarun wasu jinsuna kafin su shiga babban fili, kuma daga 2025 sai an gwada numfashin waɗannan kafin a bar su su fito. Sannan fili ba daji ba ne. Alƙali na iya ganin ƙirar gudu a jikin kare, amma zuciya da naci da sanin lokacin da zomo zai karya kwana, babu kafet ɗin da zai nuna su.

Daren Lahadi zakarun rukuni bakwai suka shigo ɗaya bayan ɗaya, fitilu na bin su. Tun kafin alƙaliyar ta gama zagayen farko Kawu ya sa yatsa a gilashin salula, kan wata siririyar karya irin Whippet, ya ce, "Waccan. Dubi yadda ƙafarta ke taɓa ƙasa kamar ba ta so." Miuccia ce, 'yar shekara huɗu daga Benis ta Italiya, kuma ita aka ba kofin. Wani ƙaton karen Tibet mai geza kamar zaki, daga Romaniya, ya zo na biyu. Kawu bai ce komai ba, ya dai ƙara wa kansa shayi.

Da safe ya aiko jikansa ya kira ni, ya ce in aro awon tela in zo. Na tarar ya tsayar da karyar a tsakar gida, ya ja ƙafafunta na baya yadda ya ga ana yi, tana ta waiwayensa. Na ɗora awon daga ƙasa zuwa ƙashin kafaɗa: santimita 63. Ya sa na rubuta a bangon zaure da gawayi, da kwanan wata, sannan ya tambaye ni wace rana ma'aikatan dabbobi ke yin allurar haukan kare, don ta shekara biyu ba a yi mata ba.