Wutar Lantarkin Najeriya a Nijar: Ga Araha, Amma da Sharaɗi

Idan aka auna wutar lantarkin da kamfanin wutar lantarki na Nijar, NIGELEC, ke saye daga Najeriya da ma'aunin kowace haja, to ta fuskar farashi babu abin kushewa. Wutar da ke bin layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, da wadda ke tasowa daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, ta fi wadda injinan mai ke samarwa araha nesa ba kusa ba, shi ya sa kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take fitowa. Ingancinta tsaka-tsaki ne, domin da bazara buƙata kan fi ƙarfin layukan.

Inda nake da ja shi ne amanar mai sayarwa, domin Najeriya ba ta taɓa ɗaukar wannan hulɗa a matsayin ciniki zalla ba. Gaskiya ne tun da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968 take da buƙatar kada a tare Kogin Kwara daga sama, abin da ya sa take ba Nijar wuta, amma akwai kuma yadda take kallon kanta a matsayin babbar yaya a Afirka ta Yamma, tunanin da ya sa Janar Yakubu Gowon ya tsaya tsayin daka wajen kafa ECOWAS a 1975, wanda kuma shi ne tunanin da ya kai sojojinta Laberiya a 1990. Babbar yaya tana ciyar da ƙanne, amma tana ganin ita ce da hakkin tsawatar musu. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Abuja ta katse wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ECOWAS, ba ta kuma maido da ita ba sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Masu sayar da ƙanƙara da masu walda da majinyata ne suka ji jiki, alhali sojojin ba su motsa ba.

A ganina ya kamata Nijar ta ci gaba da sayen wutar saboda arharta, amma ta ɗauke ta a matsayin ƙari, ta maida hankali wajen faɗaɗa tashar wutar lantarki ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai da kammala madatsar ruwan Kandadji da ke kan Kogin Kwara.