Jan tumatir mai siffar zuciya: wanne ya fi dacewa da lambun gida?

Hajiya sannu da ƙoƙari. Kin ce kina son shuka jan tumatir ɗin nan mai siffar zuciya a bayan ɗaki, irin na gado wanda ake cire irinsa a ajiye a sake shukawa baɗi, kin ga sunaye huɗu wajen masu saida iri a intanet, Cuore di Bue da German Red Strawberry da Amish Paste da Anna Russian, kuma wurinki buhu goma kawai zai ɗauka, wanne za ki zaɓa. Toh ni dai a ganina Cuore di Bue ya kamata ya cinye mafi yawan buhunan, sauran kuma ki ɗan taɓa, amma bari in faɗa miki dalili don ki auna da kanki.

Da farko ki cire Anna Russian daga lissafi in dai ja zur kike nema. Tumatir ne mai kyau wallahi, yana da zaƙi kuma ya fi sauran ukun saurin nuna, wajen kwana 65 zuwa 70 bayan dashe, amma launinsa ruwan hoda ne mai duhu. Abin daga ɓawo yake, jan tumatir ɓawonsa ruwan ɗorawa ne shi yasa in ya rufe jar tsoka sai ki ga ja sosai, shi kuma wancan ɓawonsa garau yake ba launi. A hoto ba lallai ki gane ba don masu talla suna ƙara wa hoto kala. Haka Hungarian Heart da Kosovo in kin ci karo da su, duk ruwan hoda ne. In launi bai dame ki ba ki sa shi ko buhu ɗaya ne saboda saurinsa, ba za ki yi nadama ba.

Saura uku kenan. Cuore di Bue ɗan Italiya ne, shi ne Faransawa suke rubutawa Coeur de Boeuf a jikin fakiti, wato zuciyar bijimi, don haka in kin ga ɗaya daga cikin sunayen nan gida ɗaya ne. German Red Strawberry kuma a Amurka aka adana shi wajen iyalai 'yan asalin Jamus, siffarsa kamar ƙaton strawberry, kafaɗa faɗi ƙasa tsini. In aka jera su gefe da gefe, na Jamus ɗin ya fi girma, ɗa ɗaya yana kai gram 300 zuwa kusan rabin kilo in ya samu kulawa, kuma maganar ɗanɗano gaskiya ya fi, akwai zaƙi akwai ɗan tsami kaɗan da ke biyo baya, in kika yanka shi kusan duk tsoka ce, iri ɗan kaɗan ne a gefe gefe. Cuore di Bue yawanci gram 200 zuwa 300 ne, ɗanɗanonsa mai sanyi ne ba tsami sosai, wasu ma suna cewa ya yi musu lami, amma ya fi yawan 'ya'ya a gindi ɗaya kuma girman 'ya'yan ya fi zuwa daidai wa daida. Shi na Jamus ɗin zai iya ba ki manya guda kaɗan ya tsaya yana ta ganye, kuma yana da nawa, sai ya kai kwana 80 zuwa 85 bayan dashe kafin ki tsinki na farko, Cuore di Bue kan ɗan riga shi.

Wannan 'yar tazarar ta kwanaki kar ki raina ta, don a wajenmu ita ce komai. Tumatir in zafin rana ya haura wajen digiri 32 zuwa 35 kuma dare ya ƙi yin sanyi, furen ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ki ga yana bushewa yana zubewa ke kuma kina ta ƙara taki kina tunanin yunwa ce. Manyan tumatir irin waɗannan su suka fi shan wahalar nan fiye da ƙananan. Kinga a Kano ko Katsina ko Maraɗi daga Maris zafi ya fara kenan, Afrilu kuwa ana taɓa digiri 40, kenan duk furen da bai kama a Disamba da Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ba kusan an yi asararsa. Shi yasa nake cewa wanda ya fi saurin kamawa kuma ya fi yawan fure shi ne na dogaro, ƙaton kuma na marmari. Kuma kwanakin da suke rubutawa a fakiti daga ranar dashe ake ƙirgawa ba daga ranar da kika zuba iri ba, sai ki ƙara sati huɗu zuwa biyar na reno a kai. Ki zuba iri ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ki dasa farkon Nuwamba, hunturu ya same shi yana fure. In a Jos kike ko Mambila lissafin ya canza, can kina da sarari sosai, German Red Strawberry ma zai iya zama shi ne babba a lambun.

Akwai abu ɗaya da za ki kula da shi wajen sayen Cuore di Bue. Iri biyu ne ke yawo da sunan. Akwai mai santsin jiki mai tsini a ƙasa, shi ne zuciyar da kike nufi, akwai kuma na yankin Albenga a Liguriya ta Italiya wanda ƙasansa ne mai faɗi samansa a tsuke kuma jikinsa duk tsaga tsaga ne. Shi ma yana da daɗi amma ba siffar da kike so ba kenan. Sannan kamfanoni sun yi aure aure sun fitar da masu kama da shi don kasuwa, in kin ga an rubuta F1 a fakiti toh ba na gado bane, in kika ajiye irinsa baɗi abin da zai fito daban. Ki tambayi mai sayarwa ya turo miki hoton bayan fakitin kafin ki tura kuɗi.

Amish Paste kuma daga mutanen Amish na Amurka ya fito, ja ne sosai, amma zancen siffar zuciya rabi da rabi ne, a gindi ɗaya za ki ga wani ya yi zuciya wani ya yi dogo kamar babban Roma. Inda ya fi su duka shi ne tukunya. In don miyar dage dage ko jalof kike so, ki markaɗa shi ki gani, baya tsinkewa da ruwa, ba sai kin daɗe kina ƙona gas kafin ya kame ba. Sauran biyun ma suna miya mai kyau don duk dangin zuciya tsoka ce da su, amma ni ina jin zafin a markaɗa German Red Strawberry, wannan a yanka shi da albasa da ɗan gishiri da man gyaɗa ko a sa a kwaɗon zogale shi ne hakkinsa.

Yanzu abin da duk suka haɗu a kai, kuma nan ne mutane suke karaya. Ganyensu siriri ne yana langaɓewa ƙasa kamar mai jin ƙishi ko da kin ba shi ruwa yanzu yanzu, musamman na Jamus ɗin da Anna Russian, haka halittarsu take. Dan Allah kar ki biye wa ganyen ki yi ta antaya ruwa, ki tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ki ƙyale shi. Ruwa ya zama kullum daidai gwargwado da safe a gindi, don in ya bushe ƙamas sannan kika cika shi da ruwa 'ya'yan za su tsage tunda ɓawonsu ba kauri, kuma ƙasan ɗan zai yi baƙi ya ruɓe saboda kalsiyam bai isa wajen ba. Amish Paste ya fi saurin yin wannan baƙin ƙasan, na Jamus kuma ya fi tsagewa ta kafaɗa. Tunda ganyen ba yawa rana tana iya ƙona 'ya'yan, in Fabrairu ta yi nisa ki ɗaura musu 'yar raga ta sama.

Kuma duka ukun masu hawa ne, ba sa tsayawa kamar UTC ko Roma da muka saba gani a Kadawa da Kura, tsawo suke ta yi har su wuce mutum. Kowane buhu gindi ɗaya tak, buhun ya ɗauki ƙasa aƙalla cikin bokitin lita 20, ki kafa gora mai tsawon mita 2 tun ranar dashe, ki riƙa cire ƙananan rassan da ke tsirowa tsakanin kara da ganye ki bar kara ɗaya ko biyu. Taki ruɓaɓɓe sosai, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake.

Maganar cuta kuwa ba zan ɓoye miki ba, babu ɗaya a cikinsu da aka gina don jure cututtukanmu. Farin ƙuda yana kawo cutar nan mai nannaɗe ganye ta sa shi rawaya, in ta kama gindi ba magani sai cirewa, shi yasa renon ya kamata ki yi shi ƙarƙashin tsohon gidan sauro tun daga rana ta farko. Ga kuma sharon, tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, tana shiga cikin ganye ta bar farin tabo, ki riƙa duba ganye kina tsinke wanda ta shiga, ruwan 'ya'yan darbejiya yana taimakawa in an fara da wuri. Ƙasar da aka taɓa shuka tumatir ko kuɓewa saiwarsu ta yi ƙulle ƙulle kar ki zuba ta a buhu.

Da ni ce da buhu goman nan, biyar Cuore di Bue mai santsi, uku Amish Paste don miya, biyu German Red Strawberry a inda rana ta safe ke samu inuwa ta rufe da la'asar. Wanda ya fi yi miki kyau a cikinsu ki zaɓi ɗa mai kyau da ya nuna sosai a jikin gindi mai lafiya, ki matse irin da ruwansa a kofi ki bar shi kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, ki wanke ki shanya a inuwa kan faranti, ki zuba a takarda ki rubuta suna da shekara. Ki cire daga 'ya'ya biyu ko uku don irin nasu kaɗan ne ƙwarai, ɗa ɗaya ba zai ishe ki har ki ba maƙwabta ba.