Title ko meta keywords: wanne ke ɗaga shafi a Google?

Ɗan'uwa, tsakanin tag ɗin title da meta keywords da ka tambaya, ka zuba ƙarfinka a kan title. Ba a ma haɗa su.

Tag alama ce da ake rubutawa a cikin lambobin shafi (HTML). Title, wato taken shafi, yana zaune ne a ɓangaren head na shafinka, wato sashen farko na lambobin, kuma yawanci shi ne layin da mutum ke latsawa a sakamakon bincike. Da shi Google ke fara gane abin da shafin ya ƙunsa, da shi kuma mai bincike ke yanke shawarar shiga ko wucewa. Ka sa kalmar da mutane ke nema a farko, sunan gidan yanarka a ƙarshe, misali "Yadda ake gyara famfo mai yoyo", sannan sunan gidan yanar. Kada ya wuce haruffa 50 zuwa 60, domin faɗin wurin a kwamfuta kusan fiksel 600 ne, abin da ya haura sai a datse shi da ɗigo uku. Kowane shafi kuma da nasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar shafuka goma ko ashirin da title iri ɗaya, sai su riƙa gogayya da junansu, injin bincike ya rasa wanda zai gabatar.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: tun Agustan 2021 Google ya ƙara sa hannu wajen sauya title ɗin da bai gamsu da shi ba. A watan Satumba na shekarar ya ce a kusan kashi 87 cikin 100 yana amfani da wanda mai shafi ya rubuta. Waɗanda ake sauyawa su ne masu tsawo fiye da kima, da waɗanda aka cusa wa kalma ɗaya sau uku ko huɗu, da waɗanda ba su dace da abin da ke cikin shafin ba. Sau da yawa daga h1, wato babban kanun da ke cikin shafin, yake ɗauko madadin, don haka ka sa babban kanun shafinka ya faɗi abin da title ya faɗa.

Meta keywords kuwa, wato tag ɗin da ake jera kalmomin nema a ɓoye cikin lambobin shafi, tun Satumban 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da shi wajen jera shafuka, saboda yadda aka riƙa cika shi da kalmomin da ba su da alaƙa da shafin. Ka bar shi babu komai.

Kada dai ka rikita shi da meta description, wato taƙaitaccen bayanin abin da shafi ya ƙunsa. Shi ma ba ya ɗaga matsayi kai tsaye, amma yakan fito a ƙarƙashin title, kuma jimla biyu masu ma'ana cikin haruffa kusan 155 suna jawo mutum ya latsa.

Kafin duk wannan, ka buɗe lambobin shafinka ka nemi kalmar noindex, wadda ke gaya wa injin bincike kada ya sa shafin a sakamakonsa. In tana nan a tag ɗin robots, wato mai ba injin bincike umarni, duk kyan title ɗinka shafin ba zai fito ba. A WordPress, manhajar gina gidan yana, akwati ɗaya ne a saitin karatu yake sa ta, kuma ana yawan mantawa da shi a kunne bayan an gama gina shafi.

Sai ka yi hattara da masu tallar cewa za su kai ka sahun farko cikin mako ɗaya. Google da kansa ya ce babu wanda zai iya ba da wannan tabbacin. Wasu meta keywords kawai za su cika su turo maka hoto a matsayin shaida. Waɗanda suka fi muni su ne masu ɓoye farin rubutu a kan farin bango ko sayen mahaɗai (links) daga wasu shafuka, abin da kan sa a durƙusar da shafin gaba ɗaya, alhali sun riga sun karɓi kuɗinsu. In dole sai ka ɗauki wani, ka ƙara shi a Search Console, wato dandalin Google na duba yadda shafinka ke fitowa a bincike, da taƙaitaccen izini, kada ka miƙa masa kalmar sirrinka.

Ka fara da shafuka biyar da suka fi samun baƙi, ka gyara title da h1 ɗinsu, ka ba su 'yan makonni, sannan ka duba yawan latsawa a Search Console kafin ka taɓa sauran.