Hattara da masu tallan murjanin da wai "ba ya buƙatar haske"

Jama'a masu kiwon halittun teku a tankin gilashi, a yi hattara. Akwai wani salon damfara da ke yawo a Instagram, Facebook da zaurukan WhatsApp. Za a saka hoton murjani mai rai, halittar teku da ke manne a jikin duwatsu, ja wur ko ruwan hoda, ya buɗe kamar fure, a ce nau'i ne mai wuyar samu, ba ya buƙatar fitila, ɗigo kaɗan na wani abincin kwalba a mako ya ishe shi, kuma saura biyu ko uku, sai a hanzarta tura kafin alƙalami. Rabin maganar gaskiya ce, kuma da wannan rabin ake yanka mutane.

Yawancin murjanin da ake kiwo suna ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka a cikin tsokarsu. Su ne ke sarrafa haske su ba murjanin kaso mafi yawa na abincinsa, shi ya sa ake kashe kuɗi a kan fitila. Akwai kuma nau'ikan da ba su da waɗannan ƙwayoyi sam, irin su Tubastraea, Dendrophyllia da Dendronephthya. A teku ana samun su a bakin koguna, ƙarƙashin duwatsu da wuraren da igiyar ruwa ke kawo musu abinci dare da rana. Duk abin da za su ci sai sun kama shi da baki. Saboda haka wanda ya ce maka ba ya son haske, abin da ya ɓoye maka shi ne kai ne za ka zama igiyar ruwan, kullum, babu hutu.

Wanda aka fi cutar mutane da shi shi ne Dendronephthya, don babu mai ganinsa bai yi sha'awa ba. Murjani ne mai taushi, yana kumbura da ruwa ya miƙe, ya kuma saki ruwan ya lanƙwashe. Binciken da aka wallafa a 1995 a kan nau'in da ke Bahar Maliya ya nuna cewa yawan abincinsa fulankiton ne na tsirrai, ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma yana kama su ne idan ruwa na gudu da matsakaicin ƙarfi ba tare da tsayawa ba. Masu ƙoƙarin riƙe shi da gaske sukan haɗa ƙaramin firji da famfon ɗiga abinci, yana sakin fulankiton cikin tanki kowace awa ɗaya ko biyu, ga babbar sikima mai kwashe datti ta kumfa, ga canjin ruwa akai-akai. Duk da haka yawancin murjanin suna ƙanƙancewa su mutu cikin makonni ko 'yan watanni. Kusan duk wanda ke kasuwa daga teku aka ciro shi. Idan mai talla ya ce a tankinsa ya hayayyafa shi har yana sayarwa, a ce ya nuna hotunan reshe ɗaya na tsawon wata shida yana girma. Daga nan zance kan ƙare.

Inda dabarar take shi ne garanti. Za a ce idan ya iso a mace za a mayar da kuɗi, amma sai an turo hoto cikin awa biyu, leda ba a buɗe ba. Wannan sharaɗi ne da 'yan kasuwar ƙwarai ma ke sakawa, shi ya sa ba ya tayar da hankali. Sai dai yunwa ba ta kashe murjani a awa biyu. Zai iso da ransa, ya yi kyau mako ɗaya ko biyu yana cin tsokar jikinsa, sannan ya fara lalacewa bayan garanti ya daɗe da ƙarewa. Ka koma wa mai kaya, ya ce ruwanka ne ba shi da kyau, ya kuma tallata maka kwalba ta biyu, wai magani.

Ita kwalbar ma a duba ta. Fulankiton mai rai a firji ake ajiye shi, ana girgiza shi, kuma ana rubuta nau'in da ke ciki, misali Nannochloropsis, Isochrysis ko Tetraselmis, da ranar da zai lalace. Kwalbar da ba ta da suna, ta kwana a mota cikin zafi, ta fara warin ruɓa, ƙazanta ce kawai za ka zuba wa tankinka. Kuma babu abinci ɗaya da ya dace da duka: bakin Dendronephthya ba ya iya haɗiye abin da Tubastraea ke ci, shi kuma Tubastraea ba zai ƙoshi da koren ruwa ba.

Sauran wayon sananne ne. Ana sayar da Tubastraea da sunan Dendrophyllia saboda Dendrophyllia ya fi tsada. Ana ɗaukar murjani mai son haske da ya koɗe ya yi fari fat saboda wahala, a laƙaba masa "farin nau'i na musamman", mai saye ya kai shi inuwa ya ƙarasa shi. Akwai masu rina murjani mai taushi da launin rawaya ko ruwan hoda mai ƙyalli. Alamarsa launi ɗaya sak daga tushe har sama, wani lokaci ruwan ledar ma ya ɗauki launin. Hoto kuwa a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an ƙara masa kala a waya, ba shaida ba ce.

Sai takardu. Duk murjani mai ƙashin dutse, har da Tubastraea da Dendrophyllia, yana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazana, ba ya tsallaka iyaka sai da izinin fitarwa daga ƙasar da ya fito, kamar Indonesiya ko Ostareliya. Wanda ya ce zai turo maka shi a kwali a matsayin "kayan ado", ko ya dawo daga baya yana neman ƙarin kuɗin kwastan da inshora kafin a saki kaya, a bar shi nan. Irin wannan sau da yawa babu ma murjanin, hoton wani ya sata.

Kafin a biya ko kwabo, a nemi bidiyo na ranar, a farar fitila, da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan wata a jikin gilashin. A ce ya ciyar da shi a gaban kyamara. A tambaye shi cikakken sunan nau'in, tsawon zamansa a tankinsa, me yake ci, sau nawa. A kuma zura ido tsakanin bakunansa, don murjani ɗaya yana da bakuna da yawa: a lafiyayyen Tubastraea tsoka ruwan lemu ta rufe ƙashin gaba ɗaya, ta haɗa baki da baki. Idan farin ƙashi ya bayyana a tsakani, ko gansakuka ta fara hawa, ya daɗe da yunwa.

Wanda ya nace yana son irin wannan murjani, Tubastraea ne mafarin da hankali zai ɗauka, don ana iya ciyar da shi da hannu. A narkar da daskararren jatan landen mysis a ruwan tanki, a tace, a zubar da ruwan narkewar domin yana ƙara fosfet. Bayan an kashe fitila a fesa masa ɗan ƙamshin abincin, a jira minti 15 zuwa 20 har yatsunsa su fito. A kashe famfunan da ke juya ruwan tanki, a ba kowane baki guda ɗaya ko biyu da sirinji ko dogon hantsaki. Kowane baki, ba na sama kaɗai ba. Kifi da jatan lande za su zo fizge abincin, don haka a yanke gindin gorar roba a kifa ta a kansa, a riƙa zuba abincin ta bakin gorar. Bayan rabin awa a kunna famfo, kuma a saka ƙararrawa a waya, domin famfon da aka manta a kashe har safe ya kashe kifi da yawa. Aƙalla sau uku a mako, kullum ya fi, kuma a lokaci ɗaya. A hankali zai saba buɗewa a wannan lokacin. Wanda ya ƙi buɗewa kwana da kwanaki, a ɗauke shi a ƙarƙashin ruwa zuwa roba mai ruwan tanki, a ciyar da shi a can, a zubar da ruwan robar.

Wannan ciyarwa tana da farashi a ruwa. A riƙe gishiri a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi 24 zuwa 26 a ma'aunin Selsiyos, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na danne tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita. A riƙa auna naitiret da fosfet, sinadaran da ragowar abinci ke tarawa a ruwa, duk mako, a canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan. Mai zaune inda zafin bazara ke haura 40, wuta kuma tana ɗaukewa, sai ya tanadi na'urar sanyaya ruwa da batir ko sola na famfo tun kafin murjanin ya iso. A kuma binciki sabon shigowa da tocila da daddare: akwai wata 'yar katantanwa rawaya da wata tsutsar teku mai suna Phestilla da ke cin Tubastraea, launinsu ya saje da nasa, ƙwansu ma a jikinsa suke ajiyewa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi da sunan "kammala fito da kaya". Ya adana hotunan hirar da shaidar biya, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai rahoton shafin, sannan ya faɗa wa 'yan zauren da ya ga tallan, tare da hoton da aka yi amfani da shi, domin sukan canza suna su dawo da hoton nan dai.